Gyambon Kwanciya da Abincin Majinyaci

Akwai wani ciwo wanda ba da shi mutum ke kwantawa ba, kwanciyar ce ke haifar da shi. Sunansa gyambon kwanciya. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ya karye a gadon baya, ya san shi, ya kuma san warinsa. Mutane da yawa sun ɗauka in ya fito ba abin da ya rage sai wanki da magani da bandeji. Waɗannan duk suna da amfani ƙwarai, amma akwai wani sashe na maganinsa wanda ba a kantin magani a ke sayensa ba, a kasuwar hatsi da ta kayan miya a ke samunsa. Galibi kuma ba likita ke ba da shi ba, dangin majinyaci ne ke kawo shi cikin kula da fulas. A kan wannan sashe na ke so mu yi magana, tun da ya ke da wuya a sami wani a makarantar nan, malami ko ɗalibi ko ma'aikaci, wanda zai shekara bai shiga asibiti dubiya ba.

Jos gari ne na asibitoci. Tun 1922 aka kafa asibitin mishan na Vom, a 1959 aka buɗe na Jankwano, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Ga Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato a cikin gari, ga kuma babbansu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, inda a ke kawo waɗanda ciwonsu ya gagari ƙananan asibitoci, har daga jihohin maƙwabta. Cikin waɗanda a ke kawowa akwai masu doguwar kwanciya: wanda mota ta faɗi da shi a Hawan Kibo lakarsa ta tsinke, da wanda ramin kuza ya rufta masa, da tsohuwar da ta zame ta karya kwankwaso, da mai hawan jini wanda ya yanke jiki ya faɗi, da wanda ya yi kwana da kwanaki bai san inda kansa ya ke ba. Ciwace-ciwacensu sun bambanta, amma abu guda ya haɗa su, watau ba sa iya juyawa da kansu. Su ne gyambon nan ke nema.

Bari in bayyana yadda ya ke farawa. Ka danna farcen babban yatsanka da ƙarfi, za ka ga ya yi fari, in ka saki jan ya komo. Farin nan da ka gani jini ne ka kora daga ƙananan hanyoyinsa, waɗanda sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. To, haka nauyin jiki ke yi wa fata da tsoka a duk inda ƙashi ya tokare su da katifa. Lafiyayye ba ya barin abin ya daɗe. Ɗalibi in ya gaji da benci ya kan gyara zama ba tare da ya sani ba, mai barci kuma ya kan juya sau da yawa kafin gari ya waye. Amma wanda ba ya ji, ko yana ji ba ya iya motsi, sai wurin ya zauna ba jini, ba jini kuwa ba abinci ba iska, har naman wurin ya mutu. Ba a bukatar makonni kafin wannan ya auku, 'yan sa'o'i kaɗan sun isa. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙashin da ke bisa ɗuwawu, da diddige, da gefen kwankwaso, da idon sawu, da allon kafaɗa, da ƙeya.

Littattafan Turawa sun ce alamarsa ta fari ja ne wanda ba ya gushewa in an danna. Wannan a farar fata ke nan. A tamu fatar wurin ya kan ƙara duhu ne, ko ya yi sheƙi, in ka taɓa ka ji ya fi kewayensa zafi ko tauri. Daga nan sai bororo ko saɓulewar fata, sa'an nan rami ya kai ga kitse, daga ƙarshe ya kai ga tsoka da ƙashi. Matakai huɗu ke nan, haka ma'aikatan asibiti ke lissafa su. Abin da ke ruɗin masu jinya shi ne sau da yawa ɓarnar daga ciki ta ke somawa, kusa da ƙashi, saboda haka gyambon ya kan zama kamar tulu, baki ƙarami ciki da faɗi.

A zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin sojan Amurka da aka harba a laka, wajen takwas cikin goma sun mutu cikin 'yan makonni, galibi kuwa gyambon kwanciya da ciwon mafitsara suka kashe su. Mutumin da ya fi kowa suna wajen juya wannan al'amari wani likita ne, Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. Ya kafa doka a juya kowane majinyaci bayan kowace sa'a biyu, dare da rana, ko yana so ko ba ya so. Mutane suka daina mutuwa kamar dā. Har yau wannan juyi shi ne tushen rigakafi, kada wani ya karanta abin da zan faɗa nan gaba ya zaci ƙwai da wake za su ɗauke masa wahalar tashi da tsakar dare. Ba za su ɗauke ba.

Amma ga abin tambaya. Ga majinyata biyu gado kusa da gado, ciwonsu ɗaya, juyinsu ɗaya, ɗaya ya fita da fatarsa lafiya lau, ɗayan kuwa gyambo ya ci shi har ƙashi. Ina bambancin? Sau da yawa a ciki ya ke. Tun 1943 wani likitan fiɗa na Niyok, John Mulholland, da abokan aikinsa suka auna jinin masu gyambon kwanciya, suka tarar furotin, watau sinadarin gina jiki, ya yi ƙasa a jininsu, da suka ƙara musu shi cikin abinci sai gyambon ya soma cikowa. A 1987 kuma wasu malaman aikin jinya biyu na Amurka, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fito da ma'aunin da a ke gane wanda gyambo ke shirin kamawa. Abu shida a ke dubawa: ko majinyaci yana jin taɓi, da yawan jiƙewar fatarsa, da ko yana sauka daga gado, da ko yana iya juyawa, da gogar fata da zanen gado, da kuma yadda ya ke cin abinci. Kun ga ci ya shiga sahun abubuwan da a ke ba maki, daidai da motsi.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Da fari, kitse da tsoka su ne matashin da aka halicci ƙashi da shi. In mutum ya rame, matashin ya tafi, ƙashi ya zauna bisa fata kai tsaye. Kwanciya ita kaɗai ma tana cin tsoka: a wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10, suna ci suna sha, duk da haka suka rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. To, ina ga marar lafiya wanda ba ya ci? Na biyu, cike gyambo gini ne, gini kuwa sai da kayan aiki. Jiki zai yi sabon nama, da sababbin hanyoyin jini, da sabuwar fata, da dakarun jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, duk kuwa da furotin a ke yin su. Na uku, gyambon kansa ɓarawo ne. Ruwan nan da ke jiƙe bandeji kullum ba ruwa ne zalla ba, cike ya ke da furotin, in kuma gyambon ya ruɓa ya kawo zazzaɓi, jiki ya kan ƙone abinci fiye da kima. In abin da ke shiga baki bai isa ba, jiki ba ya tsayawa jira, sai ya juya ya ci tsokarsa. Tsoka ta ragu, ƙarfin juyi ya ragu, sabon gyambo ya fito, shi ma ya shiga zubar da nasa rabon. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya, a nan maganar ba ta bukatar fassara.

To, nawa ne ya isa? Ƙungiyoyin masana wannan ciwo na Turai da Amurka da ƙasashen tekun Fasifik sun fitar da jagora ta haɗin gwiwa a 2019. Sun ce babban mutum mai gyambon kwanciya, wanda ya rame ko ya ke shirin ramewa, a ba shi kalori 30 zuwa 35 ga kowane kilo na nauyinsa kowace rana, da furotin giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa. Tun da mu malamai ne, bari mu sa shi a allo. Mutum mai nauyin kilo 60, yana lafiya, giram 48 na furotin ya ishe shi a yini, gama lafiyayye giram 0.8 ya ke bukata ga kowane kilo. In ya kwanta da gyambo, bukatarsa ta tashi zuwa giram 72 har 90, da kalori 1,800 zuwa 2,100. Ku lura da wannan da kyau: mutumin da ke kwance ba ya ko ɗaga tsinke, furotin da ya ke bukata ya kusa ninka na ƙaton da ke yawo a gari. Mu kuwa a al'ada mun ɗauka wanda ba ya aiki ba ya bukatar ci da yawa.

Yanzu mu buɗe kular da a ke kawowa mu gani. A yawancin asibitocin ƙasar nan dangi ke ɗaukar nauyin ciyar da majinyacinsu, ko duka ko mafi yawa, kuma abin da a ke kawowa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Da safe shayi da yankan burodi biyu, a ɗiga madara don launi: a ce giram 6 ko 7. Da rana kunu kofi biyu, tsararo, don a ce shi ne mai sauƙin haɗiya: giram 4 ko 5, gama kunun kamu kusan dukansa ruwa ne. Da dare tuwo da miyar kuka, ya ci rabin malmala ya kau da kai: a ce giram 8. Tsakani kuma ga lemon kwalba da 'yan dubiya suka jibge a ƙarƙashin gado, wanda ban da suga da ruwa ba kome a cikinsa. In ka tara duka, da ƙyar a kai giram 20, bai ko kai kashi ɗaya cikin uku na abin da a ke nema ba. Mai jinya kuwa in ka tambaye ta sai ta ce, "Ai yana ci, yau ma ya sha kunu sau biyu." Gaskiya ta faɗa, ba kuma rashin ƙauna ba ne. Cikinsa ya cika, jikinsa ne bai sami kome ba.

Kada a zaci wannan matsalar talaka ce kaɗai. A 2006 an yi wani ƙidaya na yini guda a asibitocin Turai, aka duba majinyata fiye da 16,000, aka tarar fiye da rabinsu ba su cinye abincin da aka ajiye musu ba, waɗanda suka ci kaɗan kuma su suka fi mutuwa cikin wata guda. Ashe kawo abinci daban, shigarsa ciki daban. Abubuwan da ke shiga tsakani suna da yawa. Ciwo da magunguna suna kashe marmari. Wani hannunsa ba ya kai loma baki, wani ba haƙora, wani bakinsa duk ƙuraje. A kan ajiye wa mutum abinci yana kwance rigingine, wa zai iya cin tuwo haka? A kan kuma kawo abinci daidai lokacin da aka buɗe gyambo za a wanke, wari ya cika ɗaki. Akwai wani dalili kuma wanda ba a cika faɗinsa ba, ni kuwa ina ganin ya fi sauran ƙarfi a wurin mutanenmu, shi ne kunya. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya, yau sai an sa masa fo, sai ɗansa ko surukarsa sun wanke shi. Irin wannan mutum da gangan ya kan rage ci da sha don ya rage fita, ba kuwa zai gaya wa kowa ba. Mai jinya mai hankali shi zai gane, ya nemi labule, ya yi aikin ba tare da yamutsa fuska ba, ya kuma faɗa masa a asirce, "Baba, ka ci abinka, wannan ba wani abu ba ne a wurinmu."

Sa'an nan ga camfi. A wasu gidaje za ka ji ana cewa mai miki kada ya ci ƙwai, kada ya ci gyaɗa, kada ya sha nono, wai suna sa miki ya yi ruwa. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin cuta ke kawo mugunya, ba ƙwai ba. Abin takaici, abincin da camfin ya hana su ne daidai waɗanda gyambon ke kuka yana nema.

Mu mutanen Jos ba mu da hujjar barin majinyaci da kunu tsararo, gama ƙasar nan ba abin da ba ta bayarwa. Sanyinta ya karɓi kiwon kaji, har ƙwan Jos a ke lodi zuwa wasu jihohi. Ga nono da kindirmo, ga wake da waken suya da gyaɗa da riɗi a Katako, ga kayan lambu a Farin Gada sai wanda ka zaɓa. Mu koma allo da mutuminmu mai kilo 60. Ƙwai biyu, giram 12. Kindirmo ko madara rabin lita, a raba sau biyu ko uku, giram 16. Wake giram 100 kafin a dafa, a yi fatensa ko alala, giram 23. Tunkuzar gyaɗa ko niƙaƙƙiyar gyaɗa cokali biyu cikin kunu, giram 7. Hatsin tuwo da na kunu na yini, a ce giram 200, zai ba da wajen giram 15. Jimla 73. Mun haye 72 ke nan ba mu ko je wurin mahauci ba. In an sami hali aka ƙara nama ko kifi giram 100, an ƙara giram 20, mun wuce 90. Wanda ba shi da kuɗin nama, awara da ƙuli-ƙuli da garin busasshen kifi cikin miya su kan tsaya masa, waken suya ma ya fi nama yawan furotin in aka auna nauyi da nauyi yana busasshe.

A nan sai in ɗan taɓa abin alfaharinmu guda biyu, kada 'yan Filato su yi fushi da ni. Acca abinci ce mai kyau ga marar lafiya, tana da laushi, ba ta da nauyi a ciki, tana kuma da wani irin sinadarin gina jiki wanda wake ba shi da isasshe, shi ya sa haɗa su biyu ya fi cin kowanne shi kaɗai. Amma ita ma hatsi ce, furotin ɗinta bai wuce giram 7 ko 8 cikin 100 ba. Gwaten acca da ganye zalla ba zai cike gyambo ba, sai an sa masa wake, ko gyaɗa, ko kifi. Dankalin Bokkos kuwa, duk daɗinsa, giram 2 ne kacal cikin 100. A ci shi don ƙarfi, a dama shi da ƙwai ko madara. Garin rogo ya fi su duka talauci, a bar shi sai an warke.

Tun da ya ke majinyaci ba ya iya cin mai yawa, dabarar ita ce a sa kowace loma ta yi nauyi. Kunun nan da ya ke so kada a hana shi, a gyara shi: a yi shi da kauri, a dama da gyaɗa, a zuba madara, a ƙara cokali guda na mai. Akwai garin haɗi da a ke kira Tom Brown, na soyayyen gero ko dawa ko masara da waken suya da gyaɗa, wanda mata suka saba dama wa yara masu tamowa. Babba ma yana yi masa aiki. A raba abincin sau biyar ko shida maimakon uku, a fara ba shi ƙwai ko wake tun yana da marmari, tuwo ya biyo baya. A wanke masa baki kafin ci. A tashe shi zaune sosai, a bar shi haka kamar rabin sa'a bayan ya gama, sa'an nan a sauke kan gadon, gama in an bar shi a jingine ya kan riƙa zamewa ƙasa, fata ta tsaya ƙashi ya ja, wannan kuwa yana yaga naman ɗuwawu daga ciki. Nonon da aka saya a tallar Fulani ɗanye a tafasa shi tukuna, ƙwai kuma a dafa shi ya nuna.

Ban da furotin akwai ƙananan abubuwa da ginin ba ya tsayuwa sai da su, babbansu bitamin C. Da shi jiki ke saƙa zaren da ke riƙe nama, wanda a ke kira kolajin. Tsakanin 1740 da 1744 wani jagoran jiragen ruwan Ingila, George Anson, ya kewaye duniya, mutanensa suka yi watanni ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace. Aka ga abin mamaki: raunukan da suka warke shekaru da dama suka sake buɗewa, har da na wani tsohon soja wanda ya ji nasa wajen shekara hamsin da suka wuce. A 1747 likita James Lind ya gwada magunguna iri iri a kan matuƙa 12 masu wannan ciwo, waɗanda aka ba lemo su suka tashi. To, in rashin bitamin C na iya kwance tsohon tabo, yaya sabon gyambo zai haɗe ba shi? Ba sai an sayi ƙwaya ba. Gwaba ta fi lemon zaƙi yawansa har ninki uku ko fiye in aka auna nauyi da nauyi, ga gwanda, ga tumatir, ga tattasai, ga kabeji. Wuta tana kashe shi, saboda haka ganyen da aka bari yana tafasa tun hantsi ya rasa mafi yawan nasa. Sai zinki da sinadarin ƙarfe, waɗanda a ke samu a nama da hanta da wake da gyaɗa. Shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci, gara a jinkirta shi sa'a guda bayan ci. Ƙwayar zinki kuwa kada a saya a yi ta ba shi ba da izinin likita ba, yawanta na da illa.

Ruwa ma abinci ne a wannan wuri, kuma nan ne sanyin garinmu ke yi mana lahani. Jos tana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, a watan Disamba da Janairu sanyin dare ba sai an gaya wa kowa ba. A lokacin nan mutum ba ya jin ƙishi, hunturu kuma yana busar da fata har ta tsattsage, mai jinya ma ya kan ji tausayin yaye bargo don juyi. Mai kilo 60 yana bukatar kusan lita biyu a yini, fiye da haka in da zazzaɓi ko gyambon na zuba ƙwarai. A ba shi da ɗumi, kaɗan kaɗan, kada a jira sai ya roƙa. In fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai isa ba.

Wani zai ce, ina labarin gwangwanayen abincin majinyata da a ke sayarwa a manyan kantunan magani? Suna da amfani ga wanda ya kasa cin abinci sosai. A 2015 likitoci a Italiya sun buga sakamakon gwajin da suka yi da ramammun majinyata 200 masu gyambon kwanciya. Duka an ba su abin sha mai kalori da furotin daidai wa daida, amma na rabinsu an ƙara masa zinki da wasu bitamin da wani sinadari mai suna ajinin. Bayan mako 8 faɗin gyambon waɗannan ya ragu da kashi 61 cikin 100, na sauran kuwa da kashi 45. Duk da haka masu tace bincike na ƙungiyar Cochrane, da suka tara gwaje-gwaje da dama a 2014, sun ce hujjar irin waɗannan ƙarin ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Nawa ra'ayin, iyalin da kuɗinsu ƙididdigagge ne, kada su sayar da akuya don gwangwani guda wanda zai ƙare cikin 'yan kwanaki, alhali kuɗinsa zai sayi ƙwai da wake da gyaɗa na makonni. In likita ya rubuta shi don wani dalili, wannan daban.

Akwai waɗanda lissafin da muka yi ba a ɗora musu shi kai tsaye. Mai ciwon ƙoda yawan furotin da yawan ruwa na iya cutar da shi, haka mai ciwon zuciya game da ruwa da gishiri. Mai ciwon suga yana bukatar furotin kamar kowa, amma a kiyaye shi da lemon kwalba da kunu mai zaƙi, gama in suga ya hau gyambo ba ya warkewa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, in yana ƙwarewa ko tari in ya sha abu, ko muryarsa ta yi kamar mai kurkure, a dakata a kira nas. Ɗura irin ta yara tana iya tura abinci cikin huhu ta kashe shi. In aka ce za a sa masa robar abinci ta hanci kada dangi su ƙi, ba alamar an fid da rai ba ce, hanya ce kawai. Wanda kuma ya yi mako ko fiye bai ci kome ba, ba a cika masa ciki rana ɗaya, da kaɗan a ke farawa bisa shawarar likita. Manyan asibitoci suna da sashen masana abincin majinyata, dangi na da ikon su roƙi likita ya haɗa su da su.

Saura yadda za a san ko ana ci gaba ko ana baya. Wanda ba ya tsayuwa ba ya hawa sikeli, amma tef ɗin tela ya isa. A auna kaurin damtse, daidai tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. In bai kai santimita 23 da rabi ba a babban mutum, rama ta kama shi. A sami ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta a ajiye a gefen gado, duk abin da aka ba shi a rubuta, a rubuta kuma nawa ya ci: duka, ko rabi, ko loma biyu. Wannan aiki ɗalibin aji ɗaya ma zai iya yi wa kakarsa. In ka tashi zuwa dubiya, kuɗin lemon kwalban nan ka sayi dafaffen ƙwai da gwaba da kindirmo, ka daidaita zuwanka da lokacin cin abinci, ka karɓi cokali daga hannun mai jinya ta ɗan huta. Damtsen kuwa a riƙa auna shi mako mako, hannu ɗaya, wuri ɗaya. In awon yana sauka, ko littafin ya nuna kwana uku a jere bai ci rabin abincinsa ba, a nuna wa nas ko likita ran nan, kada a bari sai ranar wankin gyambo.